Takarda a Rumbun Gwaggo Kubura

Shekarar da kuɗin Udoji na ƙarin albashi suka fito, malaman firamaren Dutsi sun ga abin da ba su taɓa gani ba. Wanda jiya yake facin tayar keke, yau ga shi a kan Honda yana firgita awaki. Malam Harisu kaɗai ya kwashi nasa ya nufi Kano, ya sayi hannun jari a wata masaƙa, ya dawo da takarda guda mai hatimi. An yi masa dariya har ta ishe shi. Da yake gara ta addabi ɗakinsa, sai ya kai wa gwaggonsa Kubura ajiya a ƙauye, ita da ta raine shi.

Shekara na zagayowa abubuwa suka dagule. Yadin waje ya cika kasuwa, aka ce masaƙar ta sallami ma'aikata. Kullum Harisu ya buɗe jarida sai ya ga farashin hannun jarin ya ƙara zamewa, abinci ya daina shiga masa. Wani dillali ya aiko masa cewa zai saya a rabin kuɗi, amma ya kawo takardar kafin Juma'a, don bayan nan ko kyauta ba ya so. Duk abin da Harisu ya mallaka a duniya ke nan.

Ya ari babur ya isa ƙauyen ranar Laraba da hantsi, tsakiyar damina. Ya tarar da tsohuwa tana tsince wake.

"Gwaggo, takardata fa? Tana ina?"

"Tana rumbu."

"Wane rumbun?"

Ta nuna na ƙuryar gida, wanda aka liƙe bakinsa da laka. Harisu ya san wannan rumbun. Na iri ne, kuma ba a fasa shi sai shuka ta zo. Na bana an riga an ɗiba, an sake liƙewa.

"Ka ce mini jari ce," in ji ta. "To ina ake ajiye jari in ba cikin iri ba?"

Ya yi mata bayani, da jarida da komai. Ta saurara, hannunta bai bar waken ba. Da ya gama ta tambaye shi ko masaƙar ta ƙone. Ya ce a'a. Mutane sun daina sa tufafi? Ya ce a'a.

"To ga tsani can. Hau ka ɗauko abarka."

Ya hau, ya ture jinka, ya fasa lakar. Ƙanshin tsohon gero ya buge shi. Ga gwangwanin takardarsa a kan zangarniya, ko ƙura babu.

Daga ƙasa ta ce, "Ka tuna shekarar fari? Kana kwaleji a Katsina, ba ka gani ba. Mun ci tafasa har ta gundure mu. Mainasara mai shanu ya tsaya inda nake tsayen nan, ya ce saniya guda a kan dami ɗaya. Kowa ya cinye irinsa. Ni kuwa kullum sai na zo na dafa rumbun nan, cikina na kuka, na koma na kwanta."

"Ba ki ji tsoro ba, Gwaggo?"

"Na ji mana. Ai tsoron bai hana ni zama ba. Da ruwa ya sauka, nan aka yi layi da ƙorai. Ɗaga kanka ka duba."

Harisu ya ɗaga kai. Daga saman tsanin ana hango gonaki ta kowace kusurwa, gero ya yi kore shar, ya fi mutum tsayi, iska na kaɗa shi har inda ido ya gaza. Na Amadu, na gidan liman, na Mainasaran kansa. Duk daga wannan ɗan rumbun na laka, da tsohuwar da ko sunanta ba ta iya rubutawa. Shi da yake koya wa yara lissafi, sai ya ji bai san komai ba.

Ya ɗauko gwangwanin ya jujjuya shi a hannu. Babu wanda ya yi masa alkawarin farashin zai tashi, ita ma ba ta yi ba. Ya mayar da shi inda yake a kan zangarniyar.

"Gwaggo," ya ce, "a ina kike kwaɓa lakar?"