Lambar da ke Hannun Lukuman

"Naɗe hannun rigar, Malam Lukuman," in ji Madam Omowunmi, shugabar makarantar.

Ya naɗe. Ba ta taso daga kujerarta ba, wuya kawai ta miƙo. A cikin damtsensa na hagu akwai rubutu layi uku da baƙin tawada wanda ya fara komawa kore: sunansa, sai unguwarsu Dilimi, sai lambar waya.

Sati uku ke nan da ya fara tuƙa motar ɗaliban. Jiya taya ta yi faci a unguwar Rikkos, ya tuɓe rigar sama don ya canza, wani uba da ya fito rako 'yarsa ya ɗauke shi hoto. Kafin la'asar hoton ya zagaye zauren iyaye na waya. Madam ta juyo masa da wayarta, ta riƙa ja da yatsa. Wata ta rubuta cewa ɗan ƙungiyar asiri ne. Wani ya ce a gidan yari ake irin wannan. Wani Alhaji ya ce Musulmin kirki ba ya zanen tatu, kuma daga Litinin yaransa uku sun daina shiga motar.

Lukuman ya karanta kamar maganar wani ake yi.

"Ka taɓa zaman gidan yari?"

"A'a."

"To mene ne wannan?"

"Lokacin rikicin Jos ne aka yi min," ya ce. "Yayana Sharafaddeen ya fita kai ɗinki, bai dawo ba. Kwana huɗu muna bin asibitoci. Daga baya aka ce an binne mutane da yawa a rami ɗaya, waɗanda ba a gane ba. Wataƙila yana ciki. Inna ba ta yarda an yi zaman makoki ba, ta ce ba ta ga gawa ba. Ni kuma direba ne, kullum ina hanya. Sai na je aka rubuta min. In an tsince ni, a san inda za a kai."

Yadda yake faɗin kuɗin mota haka ya faɗe shi. Madam ta cire tabarau ta goge da bakin gyalenta.

"Liman bai yi maka magana ba?"

"Ya yi. Ya ce haramun ne. Na ce na ji."

Ta mayar da tabarau ɗin. A waje ana kaɗa ƙararrawar tara, yara na ta gudu a baranda.

"A Jos aka haife ni, na san abin da kake faɗi," ta ce. "Amma iyayen nan ba za su tsaya su ji ba. Ko za ka zo taronsu ranar Asabar ka yi musu bayani da bakinka?"

"A'a, Madam."

"Za su tausaya maka fa."

"A'a."

Ta yi ajiyar zuciya. Ta ce ba za ta kore shi ba, amma zai bar motar yara ya koma ta ɗauko kayan abinci daga kasuwa, albashi zai ragu, kuma doguwar riga kullum, ko da ana zafi. Ya ce to. Ya duba ransa ko zai ji wani abu, haushi ko godiya, bai samu ba.

Ta jawo sabon fom ta fara cikewa. Suna, unguwa, shekaru. Da ta zo layin wanda za a kira in wani abu ya faru, sai ta ɗaga kai ta fara kwafe lambar daga hannunsa.

"Ta Innar ce, ko?"

"Ta rasu bara."

Biron ya tsaya.

"Allah Ya ji ƙanta. Matarka fa?"

"Mun rabu."

"Ƙani? Kawu?"

Ya girgiza kai.

"To layin wayar yana hannun wa?"

"Kamfani ya sayar wa wani. Ranar da ta cika wata shida da rasuwa na kira, ban san dalili ba. Wani mutum ya ɗauka, Kenechi sunansa, yana sayar da kayan mota a Legas. Na ba shi haƙuri, na ce lambar uwata ce a da. Ya ce babu komai, in kira duk sanda na so."

Madam ta ajiye biron a kan fom ɗin.

"Malam Lukuman, ba zan iya rubuta baƙo ba. Ka ba ni wani."

Ya lissafa a ransa mutanen da ya sani, masu shayi da 'yan tasha da maƙwabcin da suke gaisawa a bakin famfo. Sannan ya sauke hannun rigar, ya ɓalla maɓallin, ya faɗa mata sauran lambar da ka.

"Ƙarasa ta kawai, Madam," ya ce. "Yana ɗauka."