Sunan da Rahmatu Ba Ta Kira

"Ɗago mini kai, ruwan nan zai shiga kunnena," in ji Inna Baraka.

Babu ruwan da ya shigo ɗakin. A kan kwanon rufi yake zuba tun hantsi, irin ruwan Duwala ta Kamaru da ba ya gaggawar tafiya. Amma Rahmatu ba ta yi musu ba, ta ɗago kan tsohuwar ta ɗora a cinyarta. Bango ɗaya ne ya raba ɗakunansu a wannan gidan haya na unguwar New Bell, tun Rahmatu tana amarya. Tun da asibiti suka ce a dawo da Inna gida, Rahmatu ta rufe teburinta na atamfa a kasuwar Mboppi ta tare a nan.

Hankalin Inna yana tafiya yana dawowa. Wani lokaci tana cikin jirgin ƙasa za ta Ngaundare, tana cinikin ayaba ta taga. Wani lokaci tana yi wa marigayi mijinta faɗan ya bar buta a bakin ƙofa. Rahmatu, da ta kwana biyu ba barcin kirki, sai ta ji kamar ita ma jirgin yana jijjiga ta, gidajen unguwar suna wucewa a hankali cikin ruwa.

Can tsohuwar ta buɗe ido tar. "Ina Zulfa?"

"Yarinyar ba ta dawo daga makaranta ba."

"Yarinyar. Ba a yanka mata rago ba ne?"

Rahmatu ta sunkuyar da kai. Zulfa 'yar farinta ce, kuma ita a gidan da ta taso uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta kallon ƙwayar idonsa. Har yarinyar ta zama budurwa, daga "ke" sai "waccan". Duk abin da uwa ke faɗa wa 'yarta, Inna Baraka ce ta faɗa wa Zulfa, ana kitso ana tsokana. Uban kuwa direban babbar mota ne a hanyar Njamena, ganinsa sai an dace.

Kwanakin baya Rahmatu ta ga katin ƙwayar tramol a jakar makarantar Zulfa, an ɓalle rabinsa, da 'yar ledar wiski. Ta mayar, ta zuge jakar, ta kai wa Inna maganar, kamar yadda ta saba kai komai.

"Na yi mata magana," in ji Inna, muryar tana fita da ƙyar. "Ta ce ƙawayenta ne suka ba ta, wai yana sa karatu ya zauna. Ta san kin buɗe jakar, Rahmatu. Ta yi ta jiran ki ce wani abu, ko da zagi ne. Ta ce ashe ba ki damu ba."

"Inna, kunya ce fa."

"Kunyar nan a garinku ta yi rana, inda akwai kaka, akwai gwaggo, kowa da idonsa a kan yaro. Nan wa kike da shi? Ni ce kaɗai, ni kuma ga jirgina ya tsaya."

Ta yi murmushi, ta ce a miƙo mata ƙunshin kayanta ta tagar jirgin. Daga nan sai kalmar shahada, Rahmatu tana faɗa, Inna tana bi. Kafin la'asar Inna ta cika, ruwan kuma bai fasa zuba ba.

Washegari da safe maza suka ɗauki makara suka bi lungu, suna tsallake kwata. Mata suka cika tsakar gida a kan tabarmi, ana gaisuwa da Hausa da Fulatanci da Faransanci. Zulfa tana rakuɓe a gindin bango. Ko hawaye ba ta yi ba tun jiya, abin da ya fi tsorata Rahmatu ke nan.

Sai ta ga yarinyar ta miƙe, ta ja mayafi, ta nufi ƙofa. Rahmatu ta san inda za ta: 'yar rumfar nan ta bakin mahaɗar titi, inda masu babur ke tsayawa, inda ake sayar da komai ba a tambayar shekara. Ta duba ɗakin Inna don ta ce mata ta kira yarinyar. Labule ne kawai iska ke kaɗawa.

Tsoro ya fi kunyar ƙarfi.

"Zulfa."

Tsakar gidan ta yi tsit. Wata dattijuwa ta riƙe baki. Zulfa ta tsaya, ƙafa ɗaya a waje, tana waige-waige tana neman mai kiran, don ba ta taɓa jin sunanta da wannan muryar ba.

"Ni ce. Zo nan, Zulfa. Na gani, kuma na damu."

"Mama?"

"Zo ki zauna."

Rahmatu ta matsa ta ba ta gefen tabarma. Yarinyar ta dawo a hankali, ta cire takalmi, ta zauna a takure kamar baƙuwa, ba ta san inda za ta sa hannuwanta ba. Uwar ma ba ta sani ba. Can sai kan Zulfa ya gangaro ya sauka a kafaɗarta, kukan ya zo, mayafin Rahmatu ya fara jiƙewa.