Famfon Hajiya Ikilima

Alhaji Yahuza ya yi shekara talatin yana dillancin shanu a karar Wudil, kuma a ganinsa babu maganar da ba ta daidaituwa in dai an zauna. Shi ya sa da takarda ta zo cewa ranar Talata ma'aikatan lafiya za su zo gwada ruwan famfonsa, ko a jikinsa. Saniya ma ai wanke ta ake kafin a kai ta kasuwa.

Famfon nan ba na kuɗi ba ne. Bayan rasuwar matarsa Hajiya Ikilima ya haƙa burtsatse a ƙofar gidansa a Sabon Gari, ya ce kowa ya ɗiba, ladan ya riƙa isar mata. Duk wanda ya san Alhaji ya san ka zage shi ya yi dariya, amma kada ka kuskura ka ce ruwan nan yana da wani ɗanɗano. To ga shi cikin sati biyu yara bakwai a layin sun kwanta da gudawa. Alhaji ya ce ɗanyen mangwaro ne, ya rufe zancen.

Ranar Litinin ya sa aka shafe tankin da koren fenti, aka share kwata, aka tsige ciyawa, har guga sabo ya ajiye don ado.

Da Talata ta yi, sai ga wata budurwa ta sauko daga adaidaita da ƙaramar kula a hannu. Alhaji ya dube ta, ransa ya yi fari tas. Ashe Khairiyya ce, 'yar amininsa Malam Ya'u na Kausani, wadda shi da kansa ya zaɓo ragon sunanta. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya tambayi babanta, da gona, da jikin kakarta, ya sake komawa kan gonar. Sannan ya yi abin da kowane mai mutunci yake yi wa babban baƙo, ya ajiye mata ruwan gora mai sanyi a faranti.

Khairiyya ta kalli gorar, ta kalli famfon.

"Baba, duk yabon da nake ji ana yi wa ruwan nan, ni da na kanti za a tare ni?"

Alhaji dai, mutumin da yake sayar da tsohon sa a matsayin ɗan shekara huɗu, sai ga shi yana in'ina. Ya ce ai girmamawa ce. Ta ce ta gode, ta sha, tana ta ƙunshe dariya.

Fentin nan ko kallo bai ishe ta ba. Ta goge bakin famfon da auduga, ta buɗe shi ta bar ruwa yana zuba a ƙasa, Alhaji yana jin asarar har cikin haƙoransa. Ta cika wata 'yar kwalba, ta rubuta mata lamba, ta jefa a kula. Ya ɗauka an gama, har ya fara sa mata albarka, sai ta zaro tef ɗin awo ta tambaye shi ina ramin banɗakin zaurensa yake. Banɗakin kuwa bara waccan ya gina shi saboda baƙinsa na kasuwa, kuma yana alfahari da shi.

Ta auna ta ce mita goma sha ɗaya ne tsakaninsa da burtsatsen, su kuma a ƙa'idarsu talatin ake so. Nan fa dillali ya tashi. Ya ce ta ƙara jan tef ɗin, bai miƙe sosai ba. Ya ce to a auna ta bayan katanga, ai ta nan mutane suke bi. Ta ce abin da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa ba ya zagaya katanga. Ya ce shi ke nan, ita ta sauko shi ya hau, a tsaya a ashirin kowa ya huta.

"Baba, wannan ba a yi masa tayi," in ji ta.

Washegari ya shirya takanas ya tafi Kausani, wai zumunci. Malam Ya'u ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya kai shi bayan gida ya nuna masa rijiyarsa da sabon murfin siminti. Ya ce shi da ya haifi Khairiyya ma kwana bakwai ta ba shi ya yi murfin nan.

Ranar Asabar da hantsi ta dawo. Wannan karon gaisuwar ba ta yi tsawo ba. Ta ce gwaji ya nuna ƙazantar ramin tana shiga ruwan, dole a rufe famfon sai an toshe ramin, an wanke burtsatsen da magani, an sake gwadawa. Ta fito da kwaɗo daga jaka, amma ta kasa ɗaga kai ta dube shi.

Duk dabarun bakin Alhaji suka gudu, sai tsoro da kunya suka rage masa.

"Yaran nan da suka kwanta," ya ce a hankali, "ruwan Ikilima ne?"

"Ba ruwan Hajiya ba ne, Baba. Ramin ne."

Ya karɓi kwaɗon daga hannunta ya datse famfon da kansa. Nan take ya kira magini a waya ya ce yau yau ɗin nan yake so a cike ramin, baƙi kuwa kowa ya zo da dabararsa.

Yana cikin wayar sai ga Iya Auta, tsohuwar da ke ƙarshen layi, ta ɗingiso da bokiti. Ta ga kwaɗo, ta ga fuskar Alhaji. Ya buɗe baki zai yi mata bayani, ta ɗaga masa hannu, don jikanta yana cikin yaran bakwai, ta riga ta gane.

"Allah ya kai mata ladan rufewar nan ma," ta ce, ta juya da bokitinta wayam.

Alhaji ya bi ta da kallo, ya ce amin.