Jan Allon Yaya

Sana'ata rubuta allunan shaguna ce. Ranar da ministan birane ya ba da umarnin kowane allo ya koma shuɗi, na ce kakata ta yanke saƙa. Kafin mako ya zagayo, alluna sun cika mini rumfa har na rasa wurin zama.

Yayata ce kaɗai ta ƙi. Tela ce, shagonta na kallon nawa, allonta ja ne jazur da hoton almakashin da marigayi mijinta ya zana.

"Yaya, kawo in shafe miki kyauta," na ce.

"Taɓa shi ka gani!"

Da ma'aikata suka manna mata takardar gargaɗi a ƙofa, sai ta nuna wa wata lauya da take yi wa ɗinki. Lauyar ta karanta a tsaye, Yaya na auna mata kafaɗa.

"Dokar da majalisa ta yi ta ba minista ikon ƙayyade girman allo, don kada ya tare hanya," in ji ta. "Ba ta ambaci launi ba. Kotu za mu."

Kawunmu, wanda ya shekara talatin yana aiki a wata ƙasa, ya zo hutu, yana zaune a shagon yana shan shayi. Ya girgiza kai.

"'Yan nan, ku rufa wa kanku asiri. A can inda nake, idan majalisa ta yi doka, alƙali ba ya iya soke ta. Iyakarsa ya ce a sake dubawa."

"Wannan majalisa ke nan, Baba," lauyar ta amsa. "Amma minista ko a can ba ya wuce iyakar da aka shata masa."

Ranar shari'a na zauna a bencin baya, ina ɓoye farcena da ya yi shuɗi. Lauyan gwamnati ya daɗe yana bayani a kan kyawun birni. Alƙaliyar, dattijuwa ce mai ƙaramar murya, ta bari ya gama tsaf, sannan ta tura masa kundin dokar.

"Nuna mini layin da ya ce shuɗi."

Ya buɗe gaba, ya buɗe baya, ya nemi ruwan sha. Daga ƙarshe kotu ta ce minista ya wuce gona da iri, ta soke umarnin. Kawu ya manta inda yake ya buga tafi, sai da ɗan sanda ya harare shi.

Ni kam na koma gida ina ganin kasuwata ta watse. Ashe ban san komai ba. Washegari na tarar da layi a bakin rumfa: mai aski na son koren allonsa ya dawo, mai gyaran waya na son ruwan ɗorawa, mai kifi kuma ya ce tunda an samu sarari, a haɗa masa launi uku.

Yaya ta leƙo daga bayan kekenta.

"Kai, auta! Ba ka iya godiya ba ne?"

"Na gode, Yaya!" na ɗaga murya, duk layin ya kwashe da dariya.