Tsarabar Inna Tambaya

Tun da Bara'atu ta kama aiki a gidan kula da tsofaffi na Tudun Wada a Gusau, ba wanda ya kira ta da sunanta. "Mai Kwaɗo" suke ce mata. Ita ce ta kwashe magunguna daga ƙarƙashin matasai da cikin gwangwanayen man shafawa, ta zuba na kowa a robarsa da sunansa a jiki, ta kulle a kabad da kwaɗo, ta rataya makullin a wuya. An yi mata habaici, an kai ƙararta wurin shugaban gidan, duk ta shanye. Ba don a yaba mata ta yi karatun jinya ba.

Amma jinin Inna Tambaya, ɗaya daga cikin tsofaffin gidan, ya ƙi sauka. Kullum da safe Bara'atu za ta miƙa mata ƙwayar hawan jini, tsohuwar ta kai hannu baki, ta kora da ruwa, har da hamdala. In an auna kuwa, sai ƙara hawa yake. Likita ya ce in aka ci gaba a haka, shanyewar ɓarin jiki ba ta da nisa.

Ranar Juma'a ƙanwar Inna, Rabi, ta zo gaisuwa daga Kwatarkwashi. Bara'atu na wucewa ta hango Inna ta kwance bakin zanenta, tana zuba wa baƙuwar fararen ƙwayoyi a tafin hannu.

"Inna! Mene ne haka?"

"Tsaraba ce, ɗiyata. Rabi na fama da ciwon kai. Ta taso tun daga can, in sallame ta hannu wofi? Da a gidana ne, gero da kaza za ta koma da su. Nan mi gare ni?"

Bara'atu ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta fasa. Ta karɓe ƙwayoyin, ta gaya wa Rabi maganin da ya tashi wani yana iya kayar da wani, ta ja ta ta auna jininta.

Washegari Bara'atu ta shigo wurin Inna da ƙwaya ɗaya a hannun dama, ƙullin goro da dabino a hagu.

"Wannan na baƙinki ne. Amma sai na ga ƙwayar nan ta wuce. Buɗe baki, ki ɗaga harshe."

"Ni? Na yi jika da ke, ki leƙa mini baki kamar mai sayen akuya?"

"Akuya ba ta ɗaure magani a zane, Inna."

Tsohuwa ta zabga mata harara, ta haɗiye, ta wangale baki har dasashi. Sannan ta jawo goron, ta jujjuya shi, ta taɓe baki, ta ce ita ba ta ba baƙonta irin wannan, gobe a nemo mata mai kyau.