Baba Imoru Ya Koma Tasha

Shekarar da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga ta Ghana, Barikisu ta cika shekara uku tana jinyar mahaifinta a unguwar Moshi Zongo. Baba Imoru tsohon direban lori ne, a hanyar Kumasi ya yi furfura. Jiki da sauran ƙarfi, hankali ne ya gushe. Kullum da safe sai ya sa hula ya nufi ƙofa, wai fasinja na jiransa. Sau biyu ana tsinto shi can Sagnarigu, bayan gari, ƙafa duk ƙaya.

Dole ta fara kulle shi. Yana dukan ƙofa, ita tana tsakar gida tana share hawaye. Kokon da take sayarwa a bakin kasuwa ma ta daina. 'Yan'uwa kan leƙo su ce, "Allah ya ba ki lada," su kama gabansu.

Wata Talata ya roƙe ta ta cikin ɗaki: "Baiwar Allah, buɗe mini, na makara." Bai ma gane muryarta ba. Ta buɗe. Ta riƙe hannunsa har tasha, ta tsaya gaban Zakaria, shugaban direbobi.

"Yaya Zakaria, wa ya koya maka tuƙi?"

Ya sunkuyar da kai. "Baba ne."

"Kai kaɗai?"

Ya nuna wasu mutum huɗu.

"To ni na gaji. Addu'a kam na sha ta. Wanka da wanki da abinci duk nawa ne, ban ce ku karɓa ba. Daga safe zuwa azahar nake so ku riƙe mini shi."

"Ƙanwata, nan fa tasha ce. In mota ta buge shi fa?"

Kafin ta amsa, Baba ya zame hannunsa ya nufi wata lori da ke ta tari ta ƙi tashi. Ya kasa kunne, sai ya daka wa direban tsawa: "Kai! Filogi ne. Cire na uku ka goge!" Aka cire, aka goge, aka mayar. Lori ta tashi da ruri, tasha ta kaure da ihu da tafi.

Zakaria da kansa ya ɗauko benci ya ajiye a inuwar darbejiya. Nan take direbobi suka raba kwanaki, duk wanda ba shi da lodi shi ne mai zama da Baba.

Washegari Barikisu ta raka shi ta dawo. Ta yi barci har hantsi, ta tashi ta kira maƙwabciyarta Azeta ta yi mata kitso, suka ƙunsa lalle suna ta hira.

Da azahar lori ta tsaya a ƙofar gida, Baba a gaba yana yi wa Zakaria faɗan ya cika taka birki. Barikisu ta fito tana ɗaga hannuwa, lalle bai bushe ba.

"Yaya, sai dai ka shigo da shi da kanka."

Baba ya sauko yana gyara hula. "A kawo tuwo," ya ce, "yau mun sha aiki!"