Saura Mutum Ɗaya

"Jarrabawar gobe ta koma bayan la'asar," in ji Malam Jamaluddeen, yana kakkaɓe allin da ke hannunsa. "Wanda bai zauna ba, sai baɗi."

Aji ya kaure da gunaguni. 'Yan ɗakin kwana dai na baka kawai suke yi, tunda taku kaɗan ne tsakaninsu da gadajensu. Sadiqa ce abin ya shafa. Ba ta ɗaga kai ba, don ta san inda idonsa yake. Makon jiya ya tsare ta a ofis da wata murya mai laushi: yarinya mai ƙwaƙwalwa kamarta, me zai sa ta riƙa shan wahalar hanya? Ga motarsa, ga ɗaki a cikin gari babu kowa a ciki. Ta ce ta gode, ta fice. To ga sakayyar godiyar tata. Malam ya san sarai cewa ana idar da la'asar motar ƙarshe ta Roni take tashi.

Ita 'yar jeka-ka-dawo ce. Kullum daga Roni take zuwa wannan kwalejin koyon aikin lafiya mai zaman kanta a Kazaure, bisa sharaɗin da mahaifinta Malam Maikasuwa ya gindaya: babu kwana a waje, kuma duk ranar da magariba ta same ta ba a gida ba, ranar boko ya ƙare. Ba mugu ba ne. Majalisar ƙofar gida ce ta cika masa kunne da labaran 'yan matan makaranta, shi kuwa ba ya magana biyu. In ta gaya masa abin da malami ya nema, nan take zai cire ta. In ta ƙi zama jarrabawa, ta faɗi. In ta zauna, magariba ta kama ta.

* * *

Motar ƙarshen nan ta Mamuda direba tsohuwar bas ce da ake ɗaure ƙofarta da igiya, amma a cikinta Sadiqa ta yi rabin karatunta. Fasinjojin kusan ba sa canzawa: mata masu kai nono da daddawa da kuka kasuwa, shugabarsu kuwa Inna Abu, dattijuwa mai faɗin kafaɗa wadda ko 'yan kamasho suke shakkar bakinta. Tun a zangon farko Sadiqa ta lura cewa in ta juya darasi da Hausa ta bayyana musu, ba ta ƙara manta shi. Sai motar ta zama aji. Su yi ta jefo mata tambaya a kan hawan jini da farfaɗiya da zafin haƙoran yara, in ta kasa su yi mata ele, ta koma gida ta binciko. Da haka ta wuce 'yan ɗakin kwana a kowace jarrabawa, matan kuma suka laƙaba mata Likitar Mota.

Ranar da Malam ya sauya lokacin jarrabawar, ko jakarta ba ta buɗe ba.

"Yau asibitin yajin aiki yake yi ne?" in ji Inna Abu.

Sadiqa ta so ta yi dariya, sai ga hawaye. Ta faɗi komai, kunya kamar ta nitse.

"Ba ka jira ta gobe, Mamuda?" wata daga baya ta tambaya.

"Da so samu ne," in ji shi, yana kallonsu ta madubi. "Amma kun san dokar tasha. Mota in ta cika, tashi take yi. Ko minti ba za a bar ni a kan layi ba."

Inna Abu ta gyara goron da ke kuncinta. "Ke dai ki je ki rubuta abinki, 'yata. Kada ki bar masa ko layi guda."

* * *

Ta zauna jarrabawar. Ba don ta san mafita ba, sai don in bokon zai ƙare, gara ya ƙare tana riƙe da biro. Tambayoyin kuwa kamar a mota aka tsara su, har tana jin muryar Inna Abu a cikin ta uku. Rana na ta yin ƙasa ta taga. Malam Jamaluddeen ya yi ta kai da kawo, yana kaɗa makullin motarsa, duk zagaye sai ya ɗan tsaya a kanta.

"Kada ki damu da abin hawa," ya raɗa mata.

Ta miƙa takarda ta fita. Ba ta kai bakin ƙofar makarantar ba ta ji wata murya ta tsage yamma:

"Roni! Roni! Saura mutum ɗaya!"

Duk wanda ya taɓa shiga tasha ya san wannan kira ƙarya ce tsagwaronta, da shi ake yaudarar mutum ya shiga motar da babu kowa. Ranar dai gaskiya ya zama. Ga bas ɗin Mamuda a ƙofar kwaleji, ga matan a zazzaune a gefen titi da ƙorensu, ga kujerarta ta lungu babu kowa. Ashe duk wanda ya zo shiga a tasha, sai Inna Abu ta tare ƙofa ta ce wurin da mai shi. Da 'yan kamasho suka gaji suka ce ko a cika ko a bar layi, ta ce to a bar layin, a je a ɗauko mai wurin.

Daidai nan motar Malam ta sulalo ta tsaya kusa da Sadiqa, gilashi ya sauka. Bai ankara da matan ba.

"Shigo mana, duhu na yi."

Inna Abu ta taso tana gyara mayafi, ta rusuna masa har ƙasa, ta buɗe murya yadda na cikin aji ma zai ji.

"Sannu da aiki, Malam! Kai ne bawan Allahn da ke ba 'ya'yan mutane ɗaki kyauta? Kai, Allah ya saka! Ni ma bayan nan nawa ya gaji da hanya. Ko za ka miƙo mini makullin?"

Matan suka kwashe da shewa. Ɗalibai suka taru, wasu har sun ɗaga wayoyi. Malam ya ja gilashi, ya yi baya da mota ya koma ciki. Wani daɗi ya cika ƙirjin Sadiqa, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Tana shirin hawa ta hango Rahamatu, 'yar ajinsu mai zuwa daga Babura, tsaye ita kaɗai a gindin darbejiya.

"Rahamatu, motarku fa? Zo mu tafi gidanmu!"

"Ku je kawai. Yayana na tafe a babur."

* * *

A hanya, tsakanin duwatsu, kiran salla ya riske su. Ko da suka isa, Malam Maikasuwa ya dawo daga masallaci, yana tsaye a bakin zaure, 'yan majalisa sun baza kunnuwa. Mamuda ya tsaya a ƙofar gidan, matan suka sauko kaf.

"Malam, ga amanarka," in ji Inna Abu. "Magariba ta same ta a waje, ba mu musa ba. Amma a tsakiyar iyayenta ta same ta. In hukunci za ka yi, da mu za ka fara." Ta zayyana masa komai a gaban kowa.

Ya daɗe yana kallon 'yarsa. Sadiqa ta durƙusa.

"Jarrabawar fa? Kin rubuta?"

"Na rubuta, Baba. Duka."

Ya matsa daga bakin ƙofa. "Shiga ki yi salla. Gobe a rage mini wuri, Mamuda. Ina son ganin shugaban makarantar nan."

Guɗa ta tashi har maƙwabta suka leƙo.

Sai da ta sallame, ta jawo kwanon tuwo tana murmushi ita kaɗai, sannan ta tuna wata hira da suka taɓa yi, inda Rahamatu ta ce su duk mata ne a gidansu, ba ta da yaya namiji. Ga shi kuma sun baro Malam Jamaluddeen a makarantar. Ta ajiye lomar, ta lalubo wayarta ta kira. Wayar ta yi ta ringi, ta yi ta ringi, har ta katse.